Jakar Sanda Ɗaya Zan Saya Masa Ko Ta Biyu?

Anti Rebecca, don girman Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle. Na san in kika ji abin da ya sa na rubuto za ki ce wannan matar ba ta da aikin yi, mutane suna kawo miki kukan aure da na 'ya'ya, ita kuma ta kwaso zancen jaka. Ni ma da wata ce ta zo da wannan magana bara war haka, tsaki zan ja in wuce. To yau ga ni, jakar saka sandar snuka ta hana ni jin daɗin abinci. Ki yi haƙuri da tsawon bayanina, ban iya gajarta magana ba. Sunayen da zan ambata kuma duk na sauya su.

Ni tela ce, shagona yana unguwar Television, gidanmu kuma a Narayi. Mijina, bari in kira shi Ebenezer, mai gyaran wuta ne, yana jan waya a sababbin gidaje. Ɗan tagwaye ne, abokin haihuwarsa shi ne Ben, malamin makaranta. Kamarsu har ta ɓaci. A unguwa babu mai wahalar da kansa wajen rarrabe su, Tagwai kawai ake cewa su waiwayo tare. A gidansu akwai doka tun suna goye: ba a saya wa ɗaya abu a bar ɗaya. Ko takalmin mutum ɗaya ne ya tsinke, na mutum biyu Mama, mahaifiyarsu, take saya. Satin da aka kawo ni gidan ta zaunar da ni ta karanta mini wannan doka kamar tana karanta Dokoki Goma. Da Ben ya auro Judith ita ma aka karanta mata. Shi ya sa duk shekara in ranar haihuwarsu ta matso, ni da faccalata Judith muke haɗa abin da muke da shi mu tafi kasuwa mu sayo musu abu iri ɗaya. Mun sayi riguna, mun sayi agogo, akwai shekarar da abubuwa suka yi mana tsauri muka ɓige da singileti, suka sa suna ta murna.

Sandunan ma mu muka saya musu. Duk Asabar da yamma suna zuwa wani wuri a Barnawa su buga snuka, su dawo suna mita wai sandunan gidan duk a karkace suke. Ni dai ban taɓa gane daɗin wasan nan ba, manyan mutane da tumbinsu sun duƙa a kan tebur kamar masu neman allura. Amma tunda shi suke so, muka daure muka sayo musu masu kyau, irin masu gaɓa biyu da ake murɗawa a haɗa. Don kada su riƙa musu a kan ta wane ce wannan, Judith ta ɗiga jan farce a gindin ta Ben.

Ben ya rasu a daminar da ta wuce. Ciwon kai ya ce yana ji, ya yanke jiki ya faɗi a aji, kafin mu isa asibiti Ubangiji ya karɓi abinsa. Muka kai shi ƙauye muka binne. Da dangi suka zauna rabon kayansa, kowa idonsa na kan riguna da babur, babu wanda ya kula da sandar da ke bayan ƙofa. Ebenezer ya tashi ya ɗauke ta. Judith ta gani, ta sunkuyar da kai.

Anti, mijina bai yi kuka ba a wurin jana'iza, har yau kuma ban ga hawayensa ba. Ramewa kawai yake yi. Ya daina aske gemu a gaban madubi, da lalube yake yi, duk ya yanyanke haɓarsa, ni kuma na san dalili ban iya tambaya ba. Abu ɗaya ne bai daina ba, zuwa Barnawa ranar Asabar, kuma da sanduna biyu yake tafiya. Matar mai wurin tana kawo mini ɗinki, ita ta ba ni labari. Ta ce in ya isa yakan haɗa tasa, ya haɗa ta Ben, ya goga mata alli a baki, sannan ya jingine ta a bango kusa da kujerar da Ben yake zama. Babu mai taɓa ta, 'yan wasan duk sun sani. In ya gama ya warware su, ya naɗe a tsohon tawul, ya ɗaure da roba, ya jefa a but ɗin mota. A nan suke kwana su wuni har wata Asabar, tare da jak da waya da guduma. Duk zafin nan da aka yi a watan Maris a ciki ya same su, motar tana shanye a rana a wurin aikinsa. Yanzu ruwa ya sauka, but ɗin kuma yana yoyo.

Kwanakin baya na karɓi motar zan ɗauko yadi, na buɗe but na tarar tawul ɗin a jiƙe. Na shiga da su shago na goge, sai wani abu ya ce mini in mirgina su a kan teburin yanka, yadda nake ganin suna yi in suna gwada sanda. Ta Ebenezer ta tafi sumul. Ta Ben kuwa ɗingishi take yi, bakinta yana ɗagawa yana sauka, ga kuma wani ɗan rami a jikinta inda ƙarfe ya buge ta. Ta fara tanƙwarewa. Na zauna a kan kujerar keken ɗinki na yi kukan da ban yi ba tun ranar da muka dawo daga ƙauye. Shi bai sani ba, tunda ba ya buga wasa da ita balle ya gane. Na mayar da su yadda na same su, har yau ban faɗa masa ba. Ina tsoron ranar da zai gani da idonsa, don ranar Asabar ɗin nan ce kaɗai yake dawowa gida ya ce a zuba masa tuwo ya cinye.

Ranar haihuwarsu ƙarshen wata mai zuwa ce. Na ce to bari in saya masa jaka ta gaske, ko na tsirar da abin da ya rage. Na je wurin Nkiruka mai sayar da kayan wasanni a Sabon Tasha, ta baje mini iri-iri. Akwai ta yadi mai laushi, mai araha, wadda ni kaina zan iya ɗinka wadda ta fi ta a wuni ɗaya. Akwai mai tauri ta sanda ɗaya. Akwai wata baƙa mai tauri ta sanda biyu, ita ce mai tsadar, sai na matse sosai kafin hannuna ya kai, ga kuɗin makarantar yaranmu ga na Joy, 'yar da Ben ya bari, don mu muke taimaka wa Judith. Akwai kuma wata ta gwanjo mai kama da fata, kyakkyawa, kuɗinta da sauƙi, sai dai cikinta yana warin ruma. Nkiruka ta yi ta zuba, kowace ta ɗaga ita ce ta fi, kin san 'yan kasuwa. Na ce mata zan dawo.

Amma gaskiyar magana ba kuɗin ne kaɗai ya hana ni saya ba. In na sayi ta sanda ɗaya, ta wa za a saka a ciki? Kamar na ce masa ne ajiye ɗan'uwanka, ya isa haka. In kuma na sayi ta biyu, to na ba shi izini ke nan ya ci gaba da yawo da mamaci har tsufansa. Allah ya gafarta mini, lokacin da Nkiruka ta buɗe baƙar nan mai tauri na ga lallausan yadin da aka shimfiɗa a ciki, akwatin gawa na gani. Wata babba a Zumuntar Mata ta cocinmu da na yi wa zancen ta ce abin da yake yi bai dace da mai bi ba, a bar wanda ya huta ya huta, a kyautar da sandar kowa ya samu lafiya. Maganarta ta yi mini zafi, amma wani lokaci ni ma haushi nake ji. Mijina yana da rai, yana kwana a gefena, amma rabinsa yana jingine a bangon Barnawa. Yara suna masa magana sai sun maimaita.

Ga kuma Judith. Bana ba ta tayar da zancen kasuwa ba, ni ma na kasa. Ran Lahadi bayan sujada ta ce mini Joy ta tambaye ta ina sandar babanta. Ta ce tana so wata rana sandar ta dawo hannun yarinyar, amma da wane ido za ta kalli Ebenezer ta ce ya bayar. Mama kuma ta kira daga ƙauye tana tambaya me za a saya wa Tagwai bana. Tagwai ta ce, Anti, ba Ebenezer ba. Na ce mata layin ba ya da kyau.

To ki faɗa mini, wace jaka ce za ta kare sandar nan ba tare da ta karya ni ba? Ta ɗaya ko ta biyu? In faɗa masa ta fara lanƙwasa ko in yi shiru? Ko dai in bar zancen jaka gaba ɗaya in saya masa riga kamar kowa? Ina jiran amsarki.

Matar Ɗan Tagwaye, Narayi

'Yar'uwata,

Allah ya ƙara muku haƙurin rashin Ben, ya raya abin da ya bari. Ban ce ba ki da aikin yi ba. Wadda ta lura da haɓar mijinta ta kuma san dalilin yankan, ba ƙaramin aiki take yi a gidan nan ba.

Mu fara da mai sauƙin, wato jakar. Ni ba 'yar snuka ba ce, amma na zauna da waɗanda suka daɗe suna yi, bakinsu kuma ya zo ɗaya. Sanda itace ce. Zafi da danshi da jingina su ne suke tanƙwara ta, buguwa kuma ta yi mata rami. Jakar yadi tana hana ƙarzuwa ne kawai, ba ta tare nauyin jak, don haka ki cire ta a lissafi, har da wadda za ki ɗinka. Ta gwanjon nan mai warin ruma ma ki bar wa Nkiruka kayanta. Warin yana gaya miki danshi ya riga ya zauna a cikinta, kuma danshi kike gudu. Araha ba ta ado. Mai tauri za ki saya, ba kuma sai mai sheƙi ko mai babban suna ba.

Kada ki saya da ido kawai. Ki danna jikinta da babban yatsa, in ta lotsa ki ajiye. Ki leƙa ciki ki tabbatar kowace gaɓa tana da gidanta daban, da laushi a jikinsa, yadda itace ba zai gogi itace ba. Ki auna tsawon gaɓoɓin da tef ɗinki kafin ki bar gida, don jakar da ta gaza za ta danne bakin sanda, wadda ta yi yawa kuma za ta bar ta tana kai da kawowa. Zif da ɗinkin maratayi ba sai na koya miki ba, ke ce gwanar. In da hali ki je da sandunan ki saka, ki rufe, ki girgiza a hankali, in kin ji ƙara ba ita ba ce. Ki yi ciniki sosai, babu kunya a ciki. In har hannunki bai kai ba, bututun roba irin na masu gyaran famfo, da murfi sama da ƙasa, ki ɗinka wa kowace gaɓa rigarta mai laushi ki kuma yi masa sutura ta waje, zai yi aikin kariya fiye da jakar yadi mai tsada.

Sai dai ki sani, jaka ba ta miƙe sandar da ta lanƙwasa, hana ta ƙaruwa kawai take yi. Kuma ko wace iri kika saya, in za ta ci gaba da wuni a but ɗin mota cikin rana da yoyo, kin yi asarar kuɗinki. Dole sandunan su riƙa kwana a ɗaki, wuri mai sanyi marar laima, a kwance a shimfiɗe ko a tsaye cak. A Barnawa ma ta Ben ta daina jingina da bango, a kwantar da ita a kan kujerar.

Wannan ya kawo mu ga tambayarki ta faɗa masa ko yin shiru. Ki faɗa masa. Babu yadda za a yi ya canza inda yake ajiye su in bai san dalili ba, ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi. Kada ki bari sai ranar haihuwar, ranar tana da nauyinta. Ki zaɓi wata rana kafin nan, ku biyu kawai, ki mirgina masa sandar a kan tebur ya gani da idonsa. Kada ki ɗora masa laifi, shi ma zai ɗora wa kansa fiye da yadda ya kamata. Ki nuna masa cewa kaɗan ne, kuma an gano da wuri. In ya yi kuka kada ki rarrashe shi ya daina, ki bar shi ya yi. Ya daɗe yana riƙe da shi.

Maganar babbar ku ta Zumunta ba ta rasa gaskiya gaba ɗaya ba. Akwai makokin da yake cinye mai rai, kuma ramar nan da rashin jin maganar yara ba abin wasa ba ne. Haushin da kike ji ma ba zunubi ba ne, kina kewar mijinki ne alhali yana gabanki. In abin ya ci gaba har bayan cikar shekara, ko kika ga ya daina fita aiki, ko yana maganar bin ɗan'uwansa, kada ki jira, ki haɗa shi da likita da kuma fasto ko wani dattijo da yake jin maganarsa. Amma ban yarda a ƙwace sandar ba. Mutumin da tun daga ciki bai taɓa zama shi kaɗai ba, yanzu yake koyo, kuma shekara ma ba ta cika ba. Ke da bakinki kin ce ranar Asabar ce yake cin abinci. Ba a karɓe wa mai jinya abin da yake dogarawa don kawai masu kallo sun gaji da ganinsa.

Judith ma tana da gaskiyarta. Sandar nan ta Joy ce, Ebenezer riƙon amana yake yi, ko da bai taɓa kiran abin da wannan suna ba. Kada ki tafi kasuwa a ɓoye ki bar faccalarki a gida. Wataƙila shirun da ta yi jira take ki kira ta, tana tsoron kada a ce yanzu ba ta da hurumi. Ki gayyace ta ku je tare yadda kuka saba, ko ba ta kawo ko kwabo ba. In ta ce ba za ta iya ba, kada ki matsa. In kuma lokacin ya yi, ita ce za ta gaya wa Ebenezer, a tsanake, cewa ya riƙe sandar iya yadda yake buƙata, amma ya adana wa Joy ita. Mutumin da ya san akwai yarinyar da za ta karɓa daga hannunsa ba zai sake jefa ta kusa da guduma ba. Mama kuma ki kira ta ki faɗa mata abin da za ku saya. Kada ki gyara mata sunan da take kiran 'ya'yanta da shi, ita ta haife su.

Saura babbar tambayar. Ki sayi ta biyu. Ta ɗaya tana yanke hukuncin da ba naki ba ne, tana kuma yanke shi a ranar da ta fi kowace rana yi masa ciwo. Ta biyu ba ta tilasta masa komai, tana ɗaukar sanda biyu, tana kuma ɗaukar ɗaya. In baƙar ce take tayar miki da hankali, ki nemi wani launi, ko ki lulluɓe ta da yadin da kike so.

Abu na ƙarshe, shi ne kuma mai wuyar. Wata Asabar, ban san yaushe ba, za ki ga ya fita da jakar, ki shiga ɗaki ki tarar ya bar ta Ben a gida. Ranar kada ki yi murna a gabansa, kada ki tambaye shi, kada ki kira kowa ki ba da labari. Zai dawo ne a matsayin mutumin da ya fara buga wasa shi kaɗai a duniya, kuma zai buƙaci ya tarar da ke a ƙofa. In kuma ranar ta yi jinkiri, kada ki ƙirga masa.

Allah ya ba ki juriya, ya warkar da zuciyar mijinki, ya sanyaya ta Judith da ta Mama, ya sa albarka a gidajenku biyu.

Taku,
Anti Rebecca